Sauti na karkarwa tun da na hau Windows 11, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Nura Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah taimako nake nema kan kwamfutata ta aiki. Ba ta kamfani ba ce, kaya aka saya ɗaya-ɗaya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja aka haɗa min a 2021. Ryzen 5 3600 ce, madabod (babban allon cikin kwamfuta) B450, ram 16GB, katin hoto GTX 1660 Super. Da ita nake gyaran sautin karatun malamai da bidiyon biki, ita ce abincina. Tana kan Windows 10 lafiya lau, to da aka ce tun 14 ga Oktoba 2025 an daina ba shi sabuntawar tsaro sai na mayar da ita Windows 11 a satin nan. Tun daga ranar sauti ya fara wani abu, kana cikin saurare sai muryar ta rikiɗe tana grrrr na daƙiƙa ɗaya ko biyu, linzami ma ya cije a daidai lokacin, sai kuma ya sake komai ya ci gaba. Ba shi da lokaci, wani zubin ina aiki mai nauyi wani zubin YouTube kawai na buɗe. Ga kuma wani ɗan ƙugi a sifika can ƙasa-ƙasa. Akwai aikin mutane a hannuna wlh na rasa yadda zan yi

Auwal Admin: Wa alaikumus salam Nura. Allah ya kawo sauƙi. Masana ku fito

Bash Idi-Araba: Guy ka yi fomat kawai ka huta. Hawa sabon Windows a kan tsoho ai dama haka yake, yana kwaso duk tarkacen baya ya taho da su. Ka kwashe fayil ɗinka a hadis (hard disk) na waje ka zuba sabo fil, awa biyu ka gama

Kabiru Mile 12: Ni kuwa cewa zan yi ya koma inda ya fito. Abu yana aiki lafiya me ya kai ka taɓa shi? Nura idan ba ka wuce kwana 10 da hawa ba ka shiga Settings, System, Recovery, za ka ga Go back, ya mayar da kai Windows 10 da komai naka. Bayan kwana 10 fa yana goge fayil ɗin Windows.old, shi ke nan ƙofa ta rufe

Nura Agege: Ban kai kwana 10 ba tukuna Yaya Kabiru, Go back ɗin yana nan na gani. Amma in na koma ai gobe ma sai na sake hawa ko?

Kabiru Mile 12: Akwai shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU da Microsoft suka yi wa masu Windows 10, ana samun sabuntawar tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Ka gama aikin mutane tukuna ka bi sauran a hankali

Anti Maryam: Slm. Kafin a kai ga fomat ko komawa, Nura amsa min waɗannan. Sautin ta ina kake ji, ramin bayan kwamfuta ne, na gaba, ko ta sikirin ta HDMI, ko kana da akwatin sauti na USB? Kuma idan ka fitar da aikin ka saurare shi a waya, karkarwar tana cikin fayil ɗin ko babu?

Nura Agege: Anti ina yini. Ta ramin baya nake haɗa sifika, hedifon kuma ta gaba. Ranar farko ma babu sauti kwata-kwata ashe ya mayar da shi kan sikirin ne, na gyara wannan da kaina. Fayil ɗin da na fitar na saurara a waya tas yake babu komai. Amma da na gwada ɗaukar murya da makirfo kai tsaye, inda abin ya faru sai da kalma ta yanke

Anti Maryam: Lafiya lau ƙanina. To ka ga wannan ya rage mana hanya. Fayil lafiya yake, kenan ba manhajar gyaran ba ce. Kuma tunda linzami ma yana cijewa tare da sautin to ba sifika ba ce kuma da wuya ya zama direban sauti (manhajar da ke sarrafa sautin) shi kaɗai, wani abu ne yake riƙe duk kwamfutar na ɗan lokaci, kunne ne kawai ya fi ido saurin kamawa. Sauti ba ya jira, ana cika masa ɗan ma'aji ne da ba ya wuce wasu 'yan milisakan, in furosesa ta makara wajen cika na gaba sai ka ji ya maimaita ko ya yanke. Ka sauke LatencyMon kyauta ne, shi ke nuna abin da yake riƙe kwamfutar, ka danna koren maɓallin ka bar shi yana aiki har abin ya faru, sai ka turo hoton shafin farko da shafin Drivers

Bash Idi-Araba: Anti duk wannan doguwar hanya ce fa. Mutum yana da aiki a hannu

Anti Maryam: Bash in matsalar tana ƙarƙashin Windows ne, wato a BIOS (manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta) ko a wuta, fomat goma ba zai taɓa ta ba, sai dai ya ɓata yini yana mayar da manhajoji da data mai tsada sannan ya tarar da ita tana jiransa. Awa ɗaya na gwaji ya fi sauƙi

Alhaji Ɗanladi Alaba: Ni ba ruwana da Windows amma sifika da amfilifaya sana'ata ce sama da yadda wasunku suka yi a duniya. Yaro, wannan ƙugin da ka ce, yana nan ko da ba ka kunna komai ba? Kuma yana ƙaruwa in an tada janareta?

Nura Agege: Ranka ya daɗe Alhaji, e yana nan ko ba a kunna komai ba, kuma gsky ya fi ƙarfi a kan janareta. Wani lokacin in na taɓa ƙarfen bayan akwatin kwamfutar ina jin yana ɗan ja na

Alhaji Ɗanladi Alaba: To wannan ba shi da haɗi da waccan. Cuta biyu ce a jikin mutum ɗaya. Ƙugin nan rashin wayar ƙasa ne, at. Gidaje da shaguna da yawa a Legas ɗin nan soket ɗin ido uku gare shi amma na saman babu abin da aka ɗaura masa, ko kuma irin ekstenshan ɗin nan mai araha da waya biyu ce kawai a ciki. Wutarmu 50Hz ce, ita kake ji tana shiga layin sauti. Ina da tabbacin tun kana Windows 10 yana nan, yanzu ne da ka kasa kunne kana neman matsala ka lura da shi. Ka haɗa kwamfuta da sikirin da sifika duk a ekstenshan ɗaya mai kyau mai waya uku, ka raba wayar sauti da wayar wuta kar su kwanta tare, sannan ka kira mai gyaran wuta ya duba at ɗin shagon. Wannan jan da kake ji ba abin wasa ba ne, ka gyara shi ko don ranka. Kuma kar wani ya ce maka ka karya ƙafar filogi ta uku wai ƙugi zai tafi, ina jin yara suna ba da wannan shawarar a kasuwa, haɗari ce

Nura Agege: Na gode Alhaji Allah ya ƙara girma. Zan kira mai wuta gobe in sha Allah

Malam Sabi'u Otigba: Salamu alaikum, yanzu na rufe shago na ga saƙonni sun taru. Na karanta daga farko. Nura tambaya ɗaya zan maka. Kafin Windows 11 ya yarda ya hau, ka shiga BIOS ka kunna wani abu?

Nura Agege: E Malam. PC Health Check ya ce babu TPM 2.0, sai na kalli bidiyo na shiga BIOS na kunna wani abu wai AMD fTPM, daga nan ya yarda

Malam Sabi'u Otigba: Madalla. Yanzu danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka karanto min layin BIOS Version/Date

Nura Agege: Shekarar da ke jiki 2020 ce Malam

Malam Sabi'u Otigba: To ina kyautata zaton mun kama shi. Ku saurara da kyau don ba Nura kaɗai wannan zai shafa ba, duk mai Ryzen da aka haɗa masa a wancan lokacin kuma bai taɓa sabunta BIOS ba yana iya gamuwa da shi.

Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wani ɗan wuri ne da ake adana makullan tsaro. Kwamfutar kamfani galibi da shi take zuwa a kunne. Ta haɗi kuwa, a madabod ɗin wancan zamanin a kashe yake zuwa, sai ka kunna na cikin furosesa, a AMD sunansa fTPM a Intel kuma PTT. To a watan Maris 2022 AMD da kansu suka fitar da sanarwa cewa a wasu kwamfutocin Ryzen, idan fTPM yana kunne, lokaci-lokaci yakan tsaya dogon karatu da rubutu a kan ɗan guntun ma'ajin da BIOS yake zaune a ciki a kan madabod, kuma kafin ya gama sai kwamfutar ta ɗan dakata. Abin da mutane suka riƙa kwatantawa shi ne daidai abin da Nura ya faɗa, murya ta rikiɗe, linzami ya cije, daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce, kuma ba ruwansa da nauyin aiki. Maganin ya fito ne ta sabon BIOS mai ɗauke da gyaran AMD mai lamba AGESA 1.2.0.7, kamfanonin madabod suka fara sakinsa wajen Mayu 2022. Kai kuma naka na 2020 ne. A Windows 10 ba ka ji komai ba saboda fTPM a kashe yake, ba don Windows 10 ya fi ba

Kabiru Mile 12: To Malam ai maganata ce ta fito, ya koma Windows 10 ya huta

Malam Sabi'u Otigba: A'a Kabiru. In ya danna Go back ya bar fTPM a kunne karkarwar za ta bi shi har can, sanarwar ta ambaci Windows 10 da 11 duka. Haka fomat ɗin Bash, ba ya isa wurin

Bash Idi-Araba: Na ji Malam, amma ni fa tsoron taɓa BIOS nake a garin nan. Kana tsakiyar filashin, wato zuba sabon BIOS, a ɗauke wuta shi ke nan madabod ta zama gawa. Na san wanda hakan ta faru da shi sai da ya sayi sabuwa, kuma kun san yadda dala ta mayar da kayan kwamfuta yanzu

Malam Sabi'u Otigba: Wannan tsoron naka gaskiya ne kuma shi ya sa mutane da yawa suke zaune da BIOS ɗin ranar da aka haɗa musu. Ba a yin sa a kan wutar layi tsirara, ba a yin sa a kan ƙaramin janareta da mai zai iya ƙarewa. UPS mai lafiyayyen batir ko inbata da ta cika, aikin kansa bai fi 'yan mintuna ba. Wanda ba shi da su ya ɗauko akwatin ya kawo Ikeja, daga Agege ai ba nisa, kowane shagon gyara na kirki yana da abin da zai riƙe wuta. Kuma ko ta lalace ba kullum ake sayen sabuwa ba, wasu madabod suna da maɓalli a baya da ke sake zuba BIOS daga filashi na USB ko da ba ta tashi, waɗanda ba su da shi kuma akwai na'urar da muke maƙala wa guntun mu rubuta shi kai tsaye

Anti Maryam: Malam na yarda da hasashenka, ya dace da alamun sosai. Amma ina so ya tabbatar kafin ya yi filashin, tunda akwai gwaji mai sauƙi. Ya koma BIOS ya kashe fTPM na yini ɗaya, Windows 11 da ya riga ya hau zai tashi ba tare da shi ba. In karkarwa ta ɗauke to an tabbatar. Sharaɗi ɗaya kuma mai girma, ya fara duba ko abin kulle hadis, wato BitLocker ko Device encryption, yana kunne. In yana kunne ka taɓa TPM, kwamfuta za ta tashi ta ce ka kawo makulli mai lamba 48, in ba ka da shi duk aikin mutane da ke cikin hadis ɗin ya tafi, babu mai buɗe maka shi a Otigba ta Computer Village ko a ko'ina. Na ga ma'aikata suna kuka a ofis kan wannan. Makullin yakan kasance a asusunka na Microsoft in da shi ka shiga, ka rubuta shi a takarda ka ajiye

Nura Agege: Na duba Anti, BitLocker a kashe yake. Ga hoton LatencyMon ɗin ma. Ya daɗe yana kore, da abin ya faru sai ya yi tsalle ya koma ja. A shafin Drivers wanda ke sama wdf01000.sys ne sai nvlddmkm.sys

Anti Maryam: wdf01000.sys ba ya nuna mai laifi, kamar gada yake, direbobi da yawa suke bi ta kansa, kusan kowa zai gan shi a sama. nvlddmkm.sys na katin hotonka ne, shi ma yakan fito a sama ko a kwamfuta mai lafiya. Abin da na fi kallo shi ne yadda yake zaune lafiya na dogon lokaci sannan ya yi tsalle sau ɗaya. Da direba ne yake da ciwo za ka ga yana yi akai-akai ko duk sanda ka buɗe bidiyo. Je ka yi gwajin. Ka tabbatar kana tuna fasuwod ɗinka na asali, don PIN ɗin shiga yana ɗaure da TPM, zai iya ƙin karɓa

Bash Idi-Araba: To in kashe shi yana magance matsalar me zai hana ya bar shi a kashe kawai? Ba filashin ba kasada

Malam Sabi'u Otigba: Zai yi aiki a haka na wani lokaci, amma kwamfutar ta zama wacce ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba, babbar sabuntawa ta gaba tana iya ƙin hawa, kuma dalilin da ya sa ya bar Windows 10 tun farko ai tsaro ne. Akwai hanya ta uku da AMD suka ambata a lokacin, a sayi ɗan guntun TPM na daban a soka a madabod in tana da wurinsa, sai dai ƙafafunsa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, samun wanda ya dace ya fi filashin wahala

Nura Agege: Jama'a barkanmu da warhaka, na dawo da rahoto. Na kashe fTPM na yi aiki tun safe har dare da hedifon a kunne, ko sau ɗaya bai yi ba. Na mayar da shi na kunna, kafin la'asar ya dawo. Mai wuta kuma ya zo, ya ce wayar at ɗin shagon a tsinke take tun daga akwatin rabon wuta, ya ɗaura, ƙugin ya ragu sosai kuma akwatin ya daina ja na. Alhaji Allah ya saka da alheri. Malam yanzu yaya zan yi filashin? Maƙwabcina yana da inbata ya ce in kawo

Alhaji Ɗanladi Alaba: Amin. Ragowar ƙugin in yana damunka ka canza wayar sifikar da mai kauri mai rufi, kar ta wuce tsawon da kake buƙata

Malam Sabi'u Otigba: Ka buɗe akwatin ka karanta sunan madabod ɗin a jikinta da idonka, harafi da harafi, har da lambar Rev ko V2 ko MAX in akwai, don akwai masu suna kusan ɗaya amma BIOS ɗinsu daban. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta, ba wani shafi ba, ka nemi BIOS ɗin da aka rubuta AGESA 1.2.0.7 ko sama da haka, kuma ka karanta ɗan bayanin da ke gefen kowanne saboda wasu sukan ce sai ka bi ta wani na tsakiya kafin ka hau na ƙarshe. Filashi ka yi masa fomat FAT32, ka warware zif ɗin ka sa fayil ɗin a ciki. Kafin ka fara ka ɗauki hoton shafukan BIOS ɗinka da waya don komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Ka yi filashin daga cikin BIOS da kansa ba daga cikin Windows ba. Da ya fara ka cire hannunka, zai iya mutuwa ya tashi sau biyu ko uku sikirin baƙi, kar ka taɓa maɓalli kar ka zare filashi. Idan ya tashi ya nuna rubutu yana tambayar Y ko N kan fTPM, tunda ba ka da BitLocker Y ba zai cutar da kai ba, sabon PIN kawai za ka yi. Wanda yake da BitLocker kuma yake karanta wannan, ya dakatar da shi tukuna kuma makullinsa na hannu

Anti Maryam: Bayan ya tashi ka sauke direban chipset daga shafin AMD, da direban sauti daga shafin madabod ɗin. Sannan a setin sauti ka kashe Audio enhancements, ka sa sifika da makirfo duka a 48000 Hz tunda bidiyo kake yi, manhajar gyaranka ma haka, kar ɗaya yana 44100 ɗaya yana 48000. Fast startup ma kashe shi, in yana kunne Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya sai Restart. Amma ɗaya bayan ɗaya fa, ka yi filashin ka saurara tukuna kafin ka taɓa sauran, don in wani abu ya canza ka san wanne ne

Nura Agege: Alhamdulillah an yi filashin lafiya, gabana ya faɗi lokacin da sikirin ya yi baƙi amma ya dawo. fTPM yana kunne, na yi aiki har na miƙa karatun da ake jira, babu karkarwa. Abu ɗaya na lura, fitar da bidiyo kamar ya ɗan ƙara jinkiri

Malam Sabi'u Otigba: Buɗe Task Manager ka duba gudun ram. In ka ga 2133 ko 2400 alhali naka 3200 ne to XMP, setin da ke ba ram cikakken gudunsa, shi ne ya koma a kashe bayan filashin, wasu madabod suna kiransa DOCP ko A-XMP. Shiga BIOS ka kunna, Ryzen yana jin gudun ram sosai

Nura Agege: 2133 ne Malam. Na kunna ya koma 3200. Allah ya biya ku baki ɗaya, Anti, Alhaji, Yaya Kabiru, Bash

Bash Idi-Araba: Amin. Malam tawa Ryzen 5 2600 ce kuma BIOS ɗin tun 2019, ranar Asabar zan kawo maka ita shago

Sani Obalende: Slm jama'a na biyo zancen tun farko. Ni ma sautina yana tsattsagewa bayan na hau Windows 11 amma tawa Intel ce i5 ƙarni na 10, kuma na lura ya fi yi in ina daunlodin da ɗan wayfay na USB. Ni ma BIOS ɗin zan yi?

Anti Maryam: A'a Sani kar ka taɓa BIOS tukuna, waccan matsalar ta Ryzen ce. Zare wayfay ɗin ka haɗa da kebul ko ka yi aiki babu intanet ka ji ko ya daina. Sannan ka kunna LatencyMon kana daunlodin, ka duba ko ndis.sys, wanda ya shafi haɗin intanet, shi ne a sama, ka turo hoton tare da sunan da ke rubuce a jikin wayfay ɗin